Ɓarna Tasu, Tara Tamu

Na gaji da wa'azin itace. Duk sanda zancen sauyin yanayi ya taso a rediyo, ko aka tara mutane a wani ɗakin taro a Sakkwato aka raba musu ruwan roba da takarda mai hoton tsagaggiyar ƙasa, inda zancen ke ƙarewa ɗaya ne: ku bar sarar itace, ku rage dabbobi, ku rage haihuwa. Wato dai matar nan ta Gidan Hamma ko Araba, da ke duƙe gaban murhu tana hura karan gero da kashin shanu, hayaƙi na cin idonta, ita ta dagula wa duniya lissafi. Bafulatanin da ya koro shanu goma daga Tawa zuwa karar Illela, shi ya narkar da ƙanƙarar ƙarshen duniya. Wannan rainin wayo ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da bakin 'yan'uwanmu ake faɗa mana shi, bayan an sallame su da kuɗin zama.

Mu mutanen kasuwa ne, to a zo a yi lissafi. Abin da ke ɗumama duniya, mafi yawansa iskar kabon ce da ke fita in an ƙona kwal da fetur da gas, ko an gasa dutse don yin siminti. In ta hau sama ba ta gushewa da wuri. Wani kaso nata yakan yi ɗaruruwan shekaru yana tare zafin da ya kamata ya fice. Ke nan hayaƙin da masaƙun Ingila suka tura sama tun Muhammadu Bello yana Sarkin Musulmi, har yau da sauransa bisa kanmu. Kafin zamanin injina, iskar nan wajen kashi 280 ce cikin miliyan a sararin sama. Yau ta haura 420. Wa ya zuba ƙarin? In aka tara duk abin da aka fitar daga 1750 zuwa yanzu, Amurka ita kaɗai tana da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙasashen Tarayyar Turai suna da wajen kashi 17 cikin 100, Sin wajen 15. Afirka kaf ɗinta, ƙasa 54, mutum fiye da biliyan ɗaya, kashi 3 ne, shi ma babban rabonsa na Afirka ta Kudu ne da ƙasashen arewacin nahiyar.

A raba bisa kai kuma a gani. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara. Ɗan Najeriya, rabin tan da ɗan ɗoriya. Maƙwabcinmu na Kwanni, wanda in ka hau kabu-kabu daga Illela kafin hira ta yi nisa kun isa ƙofarsa, nasa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na tan guda. Abin da mutumin Nijar zai fitar daga wannan azumi zuwa wancan, Ba'amurke ya gama da shi kafin mako ya zagayo. Masu cewa shanu, su je Barazil inda suke da fiye da miliyan 200, ko Amurka mai kusan miliyan 90, kafin su zo kan miliyan 20 da wani abu na Najeriya, waɗanda a ƙafa suke yawo suna cin abin da ba mai ci. Masu cewa haihuwa kuwa, tun 2017 da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tsaya a Hambug ya ɗora matsalar Afirka a kan mata masu 'ya'ya bakwai da takwas muke jin wannan waƙa. To gida mai mutum goma a nan, in an haɗa hayaƙinsu duka, bai kai rabin na Ba'amurke ɗaya ba. Ƙungiyar Oxfam ta yi lissafin 2019, ta samu attajiran duniya, mutum ɗaya cikin ɗari, sun fitar da hayaƙi daidai da na talakawa biliyan 5.

Abin da ya sauka a kanmu kuwa, ba sai an kawo mana hoto daga waje ba. Tafkin Kalmalo na nan kusa. Dattawa sun san shi da masunta da noman rani a bakinsa, sannan suka ga ya yi ta ja da baya har ana tafiya a ƙafa inda da ake jefa taru. Ba zan ɗora wa Bature wannan shi kaɗai ba. Ruwan Kalmalo daga rafin Maggiya yake zuwa, kuma an datse shi a ɓangaren Nijar don gonakin ban-ruwa na Kwanni, yarjejeniyar rabon ruwan da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kuma ba ta dawo da tafkin ba. Amma wanda ya ga 1973 da 1984 ya san abin da ya fara karya ƙashin bayan ƙasar nan. Fari ne. Shanu sun mutu a tsaye, mutanen arewa sun kwararo kudu da ƙwarya a hannu, a 1984 kuma suka tarar gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, har yunwar ta samu suna a Nijar, El-Buhari. A lokacin masanan Turai cewa suka yi mu muka jawo wa kanmu, wai kiwo ya yi yawa ya tsiraita ƙasa. Sai da aka yi shekaru kafin wasu masu binciken, su ma nasu, suka nuna cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, kuma yana cikin abin da ya tura daminarmu kudu. An binne mutane da laifin da ba nasu ba, kuma har yau ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Yanzu ruwan ya dawo, sai dai ya dawo da wani hali. Tambayi kowane manomi a Gidan Katta ko Tozai, zai ce maka "ruwa sun bar riƙon alƙawali." A yi ruwa ɗaya mai kyau, mutum ya fitar da irin da ya ɓoye tun kaka ya shuka, gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Iska ta taso da rairayi mai zafi ta yi ta dukan tsiron har ya ƙone ko ta binne shi. A sake shuka, wani lokaci da irin bashi. Can cikin Agusta kuma ruwan da aka yi ta roƙo ya sauko a dare ɗaya, ya rusa katangu, ya yanka kwazazzabo a tsakiyar gona. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa irin wannan hadari mai ƙarfi ya ninka sau uku a yankin Sahel daga 1982. Mun ga 2010, da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo ya cinye ƙauyukan kwarin Rima, ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya. A 2024 ta ci Maiduguri, ta ci Maraɗi, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram. A azumin shekarar kuma zafi ya kai maki 48.5 a Kayes ta Mali, masana suka ce ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba da bai kai haka ba. Mu da muka yi wannan azumi a nan, ba wuta ba fanka, ba mu bukatar ma'auni.

Shiga kara ran Lahadi cikin bazara ka ga yadda asara take da fuska. Makiyayi ya riƙe igiyar saniyar da yake kira da suna, haƙarƙarinta a waje, dillali ya dafa ƙugunta ya taɓe baki ya faɗi kuɗin da ko rabin na kaka bai kai ba. Mai ita ya san an kwashe shi, amma dusa da harawa sun yi tsadar da in bai sayar da wannan ba sauran ma ba za su ga damina ba. Ya ce "Allah shi sa albarka," ya juya da sauri don kada a ga idonsa. Ba a rubuta wannan a littafin asarar kowace ƙasa.

A ƙasar nan muna da tsohuwar ƙa'ida. In shanu suka faɗa gona kafin a kwashe amfani, gaban hakimi ake zuwa, a tura dattawa su duba, su ƙiyasta dame nawa aka ci, mai shanu ya biya. Ba a tambayarsa ko yana da niyyar taimako. Ba ya buɗe baki ya ce zai ba manomin rance da ruwa ya je ya sayi hatsi. Ba a kuma kiran mai akuya ɗaya da ke ɗaure a turke a ce ya kawo nasa kason. Kusan wannan ƙa'idar ce ƙasashen duniya suka amince da ita a Riyo ta Barazil a 1992: alhaki na kowa ne amma ba daidai yake ba, wanda ya fi ɓarna kuma ya fi hali shi zai shige gaba. Sun sa hannu da alƙalaminsu, ba wanda ya tilasta su.

Daga nan sai wasan ɓuya. An yi yarjejeniyar Kiyoto a 1997, Amurka ta ƙi tabbatar da ita, Kanada ta fice a 2011. A Kopanhegan a 2009 ƙasashe masu kuɗi suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba. Ƙungiyar OECD, wadda tasu ce, ta ce sai 2022 aka cika, kuma alƙalumanta sun nuna kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ya fito daga gwamnatoci da bankunan raya ƙasa rance ne. Ka lalata mini gona, ka ranta mini kuɗin gyara, ka ci riba, sannan ka hau mumbari a tafa maka. An yi yarjejeniyar Faris a 2015. Donald Trump ya fitar da Amurka, Joe Biden ya mayar da ita, ranar 20 ga Janairun 2025 Trump ya sake sa hannu a fita. Ƙasar da ta fi kowa zuba hayaƙi a tarihi tana shiga tana fita gwargwadon wanda ya ci zaɓe. Asusun biyan asara da aka yi shekara talatin ana roƙo, an yarda da shi a Masar a 2022, a Dubai a 2023 aka yi masa alƙawarin wajen dala miliyan 700, Amurka ta ce za ta ba da miliyan 17.5. Ambaliyar 2022 kaɗai, a Najeriya kaɗai, Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnarta a kusan dala biliyan 6.7. A Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi tiriliyan 1.3, aka ce biliyan 300 kafin 2035, aka buga guduma kafin masu ƙorafi su samu bakin magana. Wakiliyar Najeriya, Nkiruka Maduekwe, ta kira shi abin dariya, kuma ta yi masa adalci.

Munafuncin ma a bakin ƙofarmu yake wucewa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta sauko da shi ta Tawa, su bi ta ƙasar Kwanni su nufi tashar ruwan Kwatano. Faransa na taƙama da wutar nukiliya marar hayaƙi, wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta, alhali a Nijar mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta. A Gilasgo a 2021 ƙasashe masu kuɗi da bankunansu suka yi shelar daina ba da kuɗin ayyukan mai da gas a ƙetare, wai don a ceci duniya. Bayan 'yan watanni Rasha ta auka wa Yukiren, gas ya yanke musu, sai ga Jamus ta tayar da tashoshin kwal, Tarayyar Turai ta sa gas a jerin makamashi mai tsabta, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya sauka Dakar a 2022, ya sauka Abuja a 2023, duk zancen gas. In don ɗumama ɗakin Bajamushe ne halal ne, in don tukunyar matar Araba ne sai a tuna da muhalli. Ita kuwa da za ta samu gas da araha, ai da ba ta zauna tana shaƙar hayaƙi ba. Ba sha'awa take yi ba. Kilo ya haura naira 1,000, kananzir ya fi ƙarfin talaka tun tuni, sai ta dafa tuwo da me? Gawayin dazukan Najeriya da ake lodawa a kwantena zuwa Turai don gashin nama, da madobiyar da aka kwashe zuwa Sin don yin kujeru, ba ita ta sare su ba. Haka tsofaffin motocin da suka gama cin ƙuruciyarsu a can: hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Mu nan mun san ta inda 'yan Kwatano ke shigowa. Sun share titunansu, sun sayar mana da sharar.

Akwai waɗanda muke jin nauyin ambata, ni kuwa zan ambata. Sin ce ke kan gaba yanzu, kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin kowace shekara nata ne. Mutumin Saudiyya ya fi Ba'amurke fitarwa, na Katar ya ninka shi. Kamfanin Aramco ya ci ribar dala biliyan 161 a 2022 kaɗai. Amma da yake a jerin 1992 an rubuta su cikin masu tasowa, a layi ɗaya suke zama da Nijar da Chadi in an je taro, ba a wajabta musu ko sisi ba. Alfarmar Makka da Madina ba ta rijiyar mai ba ce, kuma raba dabino da azumi ba ya goge wannan. Turawa na fakewa da Sin don kada su biya, Sin da Larabawan mai na fakewa da mu don kada a tambaye su. Na san farantan sola masu arahar da ke ɗaga ruwa a fadamun albasa daga Sin suke zuwa, kuma sun yi mana rana fiye da tarukan nan duka, amma saya muke yi da kuɗinmu.

Sai namu, waɗanda su ne za su karɓo mana haƙƙin. Laifi tudu ne. Najeriya ta je Dubai a 2023 da mutum 1,411 a jerin wakilai, gwamnati ta ce 422 kawai ta ɗauki nauyi, kamar wannan kaɗan ne. Manomi nawa daga Illela ko Gada ko Tangaza ke cikinsu? Doka ta hana ƙona gas a banza a rijiyoyin mai tun 1984, amma har yau wutar na ci dare da rana a Neja Delta, muna cikin ƙasashe goma da suka fi yi a duniya, ana ta ɗaga wa'adi, yayin da matanmu ke tonon saiwa don girki. Akwai asusun kula da muhalli tun 1981, wanda tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk ke da kaso a ciki. Kotu ta kama tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye da karkatar da fiye da naira biliyan 1 daga irin wannan kuɗi, ta ɗaure shi a 2018, a 2022 aka yi masa afuwa. Muhammadu Buhari ya tsaya a Gilasgo ya yi alƙawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060, ƙasar da kowane mai shago ke kwana da ƙarar janareta. Babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wadda Sakkwato na cikin jihohi 11 da ta shafa a Najeriya, rahoton 2020 ya ce kashi 4 cikin 100 na aikin aka yi. Bikin dashe kuwa mun saba da shi: a kafa rumfa, babban baƙo ya duƙa da babbar riga ya sa tsiro a rami, a ɗauki hoto, jerin motoci ya tayar da ƙura, kafin sati akuya ta gama da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bature ya ga wannan ya samu hujjar riƙe hannu, ɓarawon gida kuma ya nuna Bature ya ce shi ya hana. Satar wakili ba ta sauke bashi daga wuyan mai bashi ba, sai dai ta ƙara mana wanda za mu bi.

Abin takaicin, waɗanda ake yi wa wa'azin su ne kaɗai suka yi aikin. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun bayan yunwar 1984, suka koma barin kututturan kalgo da sabara da gawo su yi toho a gona, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta itace miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A takwararmu Illela ta jihar Tawa, da tassa suka farfaɗo da faƙon da aka yafe, rami bayan rami, taki da hannu, cikin rana. Itatuwan nan na zuƙe kabon ɗin da wasu suka zuba, kyauta, ba wanda ya aiko musu da ko kuɗin goro.

Ranar 23 ga Yulin 2025 kotun duniya da ke Heg, bisa fafutukar ƙaramar ƙasar tsibiri Banuwatu, ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda ta yi sakaci ta cutar da wata ana iya bin ta diyya. Fatawa ce, ba ta da ɗan sanda, amma ƙasar da mutanenta ba su kai na ƙananan hukumomi biyu a Sakkwato ba ce ta kai maganar har can. Mu masu mutum fiye da miliyan 200 me muka tanada? Mai bin diyya da lissafi yake zuwa: gona nawa rairayi ya binne a Illela cikin shekara goma, gida nawa ya faɗi, dabba nawa aka sayar a wulaƙance, rijiya nawa ta ƙafe. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne da jiha, kuma bai kai kuɗin kujerun jirgi zuwa taro ɗaya ba. Sanda ɗan majalisar da ke wakiltar Illela da Gwadabawa, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko duk mai neman kujerarsu ya zo da buhun shinkafa, a karɓa, sannan a tambaye shi nawa ne kason muhalli da ya shigo bara, me aka yi da shi, a wane ƙauye, kuma a ce ya liƙa takardar a ƙofar sakatariya inda mai karatu zai karanta wa marar karatu.